La'ada Ko Ladan Aiki? Tarihin Sana'ar Tara Wa Ƙungiyoyi Kuɗi

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, muna zaune a taron kwamitin makarantar unguwa, sai ga wani saurayi ya shigo sanye da kwat, rataye da jakar kwamfuta. Wani daga cikinmu ne ya gayyato shi. Ya durƙusa ya gaishe da dattawa, sannan ya ce shi kwansaltan ne, wato mai ba ƙungiyoyi shawara kan yadda za su samu kuɗi da yadda za su tsara aikinsu. Ya ce ya ga benen nan namu da ya tsaya a linta shekara da shekaru, kuma zai iya rubuta mana takardar neman tallafi, ya shirya mana lancin, ya kawo manyan baƙi. Sharaɗinsa guda ɗaya ne: duk abin da ya shigo, kashi 20 cikin 100 nasa ne.

Nan fa zaure ya rabu biyu. Wani dattijo da ya tsufa a kara ya ce, "To mene ne a ciki? Ai ko saniya ka sayar sai ka ba dillali la'ada. Gara mu samu tamanin da mu zauna hannu rabbana." Ma'ajinmu kuwa ya ce, "Baba Alhaji, ni dai hankalina bai kwanta ba. Tsohuwar da ta kawo dubu biyu daga cinikin ƙosai, za mu iya duban idonta mu ce ɗari huɗu ta tafi aljihun wani?" Haka aka tashi ba a tsayar da magana ba.

Wannan musu shi ya sa na koma na bi tarihin sana'ar. Ashe ba sabuwa ba ce, ta haura shekara ɗari, kuma a Amurka aka haife ta. Ashe kuma gardamar da muka yi a daren nan, su ma sun yi ta, har suka yanke hukunci a kanta tun kakanninmu na ƙuruciya. Bari mu bi labarin daki-daki, don ba makarantarmu kaɗai ke da gini a tsaye ba.

Kafin abin ya zama sana'a

A shekarar 1751, wani likita a birnin Filadelfiya mai suna Thomas Bond ya so ya gina asibitin talakawa. Ya zaga gari yana neman gudummawa, amma duk inda ya je sai a tambaye shi ko ya yi magana da Benjamin Franklin. Shi Franklin mai ɗab'i ne kuma mai jarida, mutumin da garin ya yarda da shi. Da ya shigo cikin maganar, sai ya ba da nasa kuɗin tukuna, ya yi rubutu a jaridarsa, sannan ya je majalisar yankin da wata dabara: majalisa ta yi alkawarin fam 2,000, amma ba za ta saki ko kwabo ba sai jama'a sun tara nasu fam 2,000. 'Yan majalisar da ba sa son abin suka amince, don sun ɗauka ba za a iya tarawa ba. Jama'a kuwa da suka ji cewa kowane fam nasu zai jawo wani fam, sai suka zuba har aka wuce adadin. Asibitin Pennsylvania yana nan yana aiki har yau.

Daga baya wani limamin coci ya zo wa Franklin da buƙatar ya taya shi neman kuɗin gini. Franklin ya ƙi fita yawon roƙo, amma ya koya masa yadda ake jera mutane. A fara da waɗanda aka tabbata za su bayar. Sai a tafi ga masu kokwanto, a nuna musu sunayen waɗanda suka riga suka bayar. A ƙarshe kada a tsallake waɗanda ake zaton ba za su ba da komai ba, don zato kan yi kuskure. Limamin ya bi wannan, ya samu fiye da abin da yake nema. Ka ga Franklin bai kawo masa ko sisi daga waje ba. Kuɗin suna cikin garin tun farko, hanyar kaiwa gare su ce ba a sani ba.

A 1885 kuma, Faransa ta ba Amurka kyautar katafaren mutum-mutumin nan na 'Yanci da ke bakin ruwan birnin Niyok, amma babu kuɗin kammala dakalin da za a ɗora shi. Masu hannu da shuni sun yi ta jan ƙafa. Sai Joseph Pulitzer, mai jaridar World, ya yi alkawarin buga sunan duk wanda ya ba da gudummawa, komai ƙanƙantarta. Cikin wata biyar mutum fiye da 120,000 suka tara sama da dala 100,000, kuma yawancinsu abin da suka bayar bai kai dala ɗaya ba. Talaka bai ƙi bayarwa ba, so yake ya ga an ƙirga nasa.

Mutumin da ya rataya agogo

Wanda ya mayar da waɗannan dabaru tsararren aiki shi ne Charles Sumner Ward, ma'aikacin ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA. Lokacin da yake sakataren reshen ƙungiyar a garin Grand Rapids, ya gaji da yawon roƙo daga farkon shekara har ƙarshenta, aikin da aka ɗauke shi dominsa yana kwance. Sai ya ce wa 'yan kasuwar da ke kwamitinsa su rufe ofisoshinsu na ɗan lokaci, su fita tare a tara kuɗin shekara gaba ɗaya, shi kuma ba zai sake damunsu ba sai baɗi. Suka yarda, abin ya yi kyau.

Gwaji mafi girma ya zo a 1905 a birnin Washinton. Sakataren reshen can, Lyman Pierce, ya shafe shekaru yana tara kuɗin sabon gini. Ya samu dala 50,000 daga attajiri John D. Rockefeller, ya samu na wasu, amma abin ya cije, saura kusan dala 80,000. Irin namu ke nan, gini a linta. Aka turo masa Ward. Su biyun suka ce za a cike giɓin cikin kwana 27, ba ƙari. Suka rubuta sunan duk wanda za a nema a kati, da abin da ake ganin zai iya. Suka raba masu sa-kai rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa da katunansa, don kada mutum goma su taru a kan attajiri ɗaya, a bar ɗari ba wanda ya je musu. Kullum a haɗu wajen cin abinci kowa ya faɗi abin da ya samo. Suka ɗauki mai kula da talla a jaridu. Kafin a buɗe, sun riga sun kama alkawarin wasu manyan gudummawa a asirce. Sannan suka kafa ƙaton agogo a bainar jama'a, wanda hannunsa ba lokaci yake nunawa ba, kuɗin da aka tara yake nunawa. Kafin wa'adi ya cika an cike giɓin.

Daga nan sauran garuruwa suka riƙa aiko wa Ward. A 1913 ya jagoranci tara dala miliyan 4 a Niyok don ƙungiyoyin YMCA da YWCA. Abin lura shi ne, Ward ba shi ke zuwa ya roƙi attajiran ba. Baƙo ne a garin, wa ya san shi? 'Yan garin ne ke zuwa wurin abokansu da abokan cinikinsu, bayan su da kansu sun bayar. Shi nasa shi ne ya zauna a ofis da kati da jadawali, ya tabbatar kowa ya je inda aka aike shi.

Makarantun da talakawa suka gina

A daidai wannan zamani, wani abu ya faru a kudancin Amurka da ya fi kama da halinmu. Baƙaƙen fata, 'ya'ya da jikokin bayi, suna zaune a jihohin da hukuma ba ta damu da karatun 'ya'yansu ba. A 1912, Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee, ya shawo kan Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, aka fara gwaji da ƙananan makarantu shida a jihar Alabama. Sharaɗin irin na Franklin ne: Rosenwald ba zai ba da nasa ba sai jama'ar wurin sun tara nasu, kuma sai hukumar ilimi ta yarda za ta riƙe makarantar.

Manoman da ba su da ko gonar kansu suka riƙa sayar da kaji da auduga, suna soya kifi a sayar, wanda ba shi da kuɗi ya kawo katako ko ya zo ya yi aikin gayya. Zuwa 1932 an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15. Da aka yi lissafi, abin da baƙaƙen fatar suka tara ya kai kusan dala miliyan 4.7, ya zarce na asusun Rosenwald ɗin kansa, wanda bai kai miliyan 4 da rabi ba. Kaso mafi girma kuma daga kuɗin hukuma ya fito, don ganin jama'a sun tashi ya sa hukuma ta kasa zamewa. Sunan attajirin makarantun suka ɗauka, amma gumin na masu su ne.

Yaƙi ya buɗe kasuwa

Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917, aka ɗauko Ward ya taimaka wa ƙungiyar agaji ta Red Cross. An nemi dala miliyan 100, aka samu kusan miliyan 114 cikin 'yan kwanaki. A watan Nuwamba na 1918, ƙungiyoyi bakwai suka haɗa kai a gidauniya ɗaya don walwalar sojoji, aka yi alkawarin sama da dala miliyan 200. Ba a taɓa ganin irin wannan ba. Sai dai ba a rasa ƙorafi ba: a lokacin yaƙin an matsa wa mutane lamba, an kunyata waɗanda ba su bayar ba, har ana zarginsu da rashin kishin ƙasa. Agogo da wa'adi na iya zama bulala idan ba a yi hankali ba.

Yaƙi na ƙarewa, waɗanda suka koyi aikin suka ga ai wannan sana'a ce. A 1919 Ward ya bar YMCA ya buɗe kamfaninsa. A shekarar ne kuma John Price Jones, tsohon ɗan jarida, ya shirya wa jami'ar Harvard gangamin da ya tara sama da dala miliyan 14, shi ma ya buɗe nasa kamfani. Haka Carlton Ketchum da ɗan'uwansa a birnin Pittsburgh. A 1926 Arnaud Marts da George Lundy, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin Ward, suka kafa nasu. Asibitoci, jami'o'i da coci-coci suka riƙa ɗaukar su haya. Waɗannan su ne kakannin saurayin da ya zo mana da jakar kwamfuta.

Inda aka raba gari da la'ada

To, inda duk kuɗi ya taru, ƙudaje na biye. Aka samu masu yawo gari-gari suna tara kuɗi da sunan marayu da gajiyayyu, suna yankar kaso mai tsoka, wani lokaci abin da ke isa ga marayun bai taka kara ya karya ba. Jama'a suka fara yi wa duk mai wannan aiki kallon ɗan damfara. A 1935 manyan kamfanonin suka haɗu suka kafa ƙungiyar masu sana'ar, suka rubuta ƙa'idoji. Babba a cikinsu ita ce: za a biya mai ba da shawara kuɗin aikinsa da aka yanka tun farko, gwargwadon lokacinsa da wahalarsa, ba kaso daga abin da aka tara ba. Har gobe babbar ƙungiyar ma'aikatan tara kuɗi ta Amurka, wadda ake kira AFP, ta hana mambobinta karɓar kaso.

Ba tsoron Allah kaɗai ya kai su ga haka ba, sun ga abin da kaso ke haifarwa ne. Mai cin kaso yau yake so a biya, ba ruwansa da attajirin da ke buƙatar wata shida ana lallaɓa shi kafin ya ba da abu mai yawa. Zai matsa wa mutane su bayar yanzu, ya karɓi nasa ya wuce, ya bar ƙungiya da mutanen da ba za su sake buɗe mata ƙofa ba. Ba zai taɓa ce wa kwamiti "ba ku shirya ba, ku dakata" ba, don dakatawar asararsa ce. Sannan idan wani bawan Allah ya ba da miliyan goma saboda mahaifinsa ya yi karatu a makarantar, da wane dalili baƙon da ya zo jiya zai ɗauki miliyan biyu?

Yanzu mu dawo kan maganar dattijonmu, don ba maganar banza ba ce. Mu mutanen kara ne da kasuwar goro, la'ada ba haram ba ce a wurinmu, da ita aka gina gidaje da yawa a unguwannin Hausawa na Kudu. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna ya yi bincike a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda wannan unguwa da aka kafa a 1916 take riƙe da fataucin shanu da goro. Abin da ya bayyana, iyayenmu sun san shi sarai: ana ba mahauci shanu bashi ba tare da takarda ba, saboda dillali ya san kowane mahauci da iya ƙarfinsa, kuma maigida ya tsaya wa baƙonsa. Idan mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya mai shanu, ko ya rasa sunansa har Arewa. Wato la'adar tana tafe da lamuni. Wanda ya ci, ya ɗauki nauyi.

To kwansaltan fa, wane nauyi ya ɗauka? Idan an tara kuɗi gini bai tashi ba, shi za a tare a ƙofar masallaci, ko ciyaman da ma'aji? Ban da haka, a ciniki mai saye ya tafi da saniyarsa, mai sayarwa ya tafi da kuɗinsa, kowa ya san nawa dillali ya ci. Mai gudummawa kuwa ba ya tafiya da komai sai yarda cewa kuɗinsa ya je inda aka ce masa. Wannan yarda ita ce jarin ƙungiya gaba ɗaya.

Wani zai ce ai masu aikin tara zakka ma shari'a ta ba su rabo. Gaskiya ne. Amma shugaba ne ke naɗa su, kowa ya san da su, kuma malamai da yawa sun bayyana cewa abin da ake ba su ladan wahalarsu ne gwargwadon aikin da suka yi. Ko ta nan aka bi, ladan aiki aka tarar.

Abin da ake saya a wurin mai shawara

Idan ba kuɗi yake kawowa ba, me ake biyansa ya yi? Abu na farko da kamfanonin nan suka saba yi shi ne gwajin ruwa kafin a tsunduma. Mai shawara zai zaga ya gana da mutane kamar talatin ko hamsin, ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ya tambaye su: kun yarda da wannan aiki? Kun yarda da shugabannin? Nawa kuke ganin za a iya tarawa? Ku nawa za ku iya? Da yake baƙo ne, kuma ba zai faɗi wanda ya ce kaza ba, mutane kan gaya masa abin da kunya ba za ta bari su gaya wa ciyaman ba. Sau da yawa amsar da yake komowa da ita ba ta da daɗi: ku rage buri, ko ku sauya ma'aji, ko ku fara kawo lissafin kuɗin da aka tara a baya.

Na biyu shi ne lissafin gudummawa. Harold Seymour, wanda ya daɗe yana aiki da John Price Jones, ya fitar da littafi a 1966 inda ya bayyana abin da suka lura da shi a gangami da dama: kusan sulusin kuɗin daga manyan masu bayarwa goma yake fitowa, sulusi na biyu daga mutum ɗari da ke biye, sulusi na ƙarshe daga sauran jama'a. Don haka idan ana neman miliyan 30, sai a zauna a rubuta sunayen mutum goman da za su haɗa miliyan 10. Idan ba a iya rubuta su ba, to ba a kai ga ɗaukar kanofi da kujeru ba. Shi ya sa a tsarinsu ba a shelar gangami sai an riga an kama wajen rabin kuɗin a asirce.

Mu kuma fa? Mun san yadda lancin ɗinmu yake. A buga kati, a rubuta sunan babban mai ƙaddamarwa wanda ba a taɓa zama da shi ba, a yi hayar lasifika, a dafa shinkafa. Ranar taro ya turo wakili, wakili ya karɓi makirufo ya yi alkawarin miliyan kaza, a yi kabbara, a watse. Bayan wata uku sakatare na ta kiran waya ba a ɗagawa. In an cire kuɗin abinci da na kujeru, abin da ya rage ba ya sayen tifa biyu ta yashi. Su ranar taro ce ƙarshen aikinsu, mu kuma ita ce farkon namu, kuma sau da yawa ita ce ƙarshensa.

Zamanin furofozal

Ɗaya ɓangaren sana'ar, wato tsara wa ƙungiya alƙiblarta ta shekara uku ko biyar, daga baya ya shigo. Manyan kamfanonin kasuwanci ne suka fara yayinsa a shekarun 1960, kafin ya gangaro ga ƙungiyoyin sa-kai. A 1969 wasu masu ba da shawara suka ƙirƙiro wa hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, wani jadawali mai gida-gida: me ake son cimmawa, me za a yi, da me za a auna, me zai iya kawo cikas. Wannan jadawali ya bazu ga kusan duk masu ba da tallafi na duniya, shi ne yaranmu masu aikin enjiyo ke kwana suna cikewa. A 1988 John Bryson ya fitar da littafinsa kan tsara alƙiblar hukumomi da ƙungiyoyin sa-kai, a 1990 kuma Peter Drucker ya fitar da nasa kan tafiyar da su. Tambayoyin da Drucker ya fi nanatawa ba sa buƙatar digiri: don me aka kafa mu, wa muke yi wa aiki, me shi yake ganin yana da amfani, me muka cimma zuwa yanzu, sannan me za mu yi nan gaba.

Amma abin ya zo da cutarsa. Tun a 1994 wani masani ɗan Kanada, Henry Mintzberg, ya yi kashedin cewa tara takardun tsari daban, tunani daban. A nan ƙasar mun ga haka da idonmu. Ƙungiya za ta biya a rubuta mata kundi mai shafi hamsin da Turancin da ko ciyaman bai karanta ba, a ajiye a durowa. Mafi muni, sai ƙungiya ta riƙa sauya manufarta tana bin inda tallafi ya karkata: bana masu wayar da kai kan zaɓe, baɗi masu dashen itatuwa. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa watan Yuli an rufe USAID ɗin kanta, ayyuka da yawa a Najeriya suka tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Wanda ya dogara da rijiyar maƙwabci, ranar da aka sa mata kwaɗo zai kwana da ƙishi. Ko a can Amurka, rahoton shekara-shekara na Giving USA yana nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin sadaka daga aljihun ɗaiɗaikun mutane yake fitowa, ba daga gidauniyoyi ko kamfanoni ba.

Mu koma zauren makaranta

Akwai gaskiya guda da ba zan ɓoye ba. Ƙa'idar hana kaso ta fi sauƙi ga jami'ar Harvard a kan makarantar unguwa. Mai kuɗi na iya biyan mai shawara tun kafin a tara komai, mu kuwa asusunmu ba ya ɗaukar haka, shi ya sa tayin "in an samu ku ba ni, in ba a samu ba shi ke nan" yake da zaƙi a kunne. Amma akwai hanya. Ana iya yanka aikin gunduwa-gunduwa, a biya kuɗin mako biyu maimakon na shekara. Ana iya samun mutum ɗaya cikin masu hali ya ɗauki nauyin ladan mai shawara a matsayin tasa gudummawar, a faɗa wa jama'a a fili. Muna kuma da 'ya'ya da suka karanta lissafin kuɗi da harkar mulki suna zaune a gida, ba wanda ya taɓa kiransu taro.

Akwai kuma abubuwan da ba sa jiran kowane kwansaltan. Rajistar amintattu a hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da miƙa rahoton shekara-shekara. Asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan ma'aji ba, mai sa hannun mutum biyu ko uku, tare da takardar SCUML ta hukumar EFCC da bankuna ke nema. Rasit ga duk wanda ya bayar, ko naira ɗari biyar ce. Da allo a bakin makaranta da ke nuna abin da ya shigo da abin da ya fita. Agogon Ward ke nan da jaridar Pulitzer, da alli da katako kawai.

A zaman da ya biyo baya na karanta wa kwamiti taƙaitaccen wannan tarihi. Dattijonmu na kara ya yi shiru, can ya ce, "To ku tambaye shi, in gini bai tashi ba zai tsaya mana kamar yadda maigida ke tsaya wa baƙo?" Aka yi dariya, amma tambayar ce ta warware zancen. Muka kira saurayin muka ce ba ma ba da kaso, amma ga aikin mako uku da ladansa a yanke: ya zaga gida talatin da za mu rubuta masa, na 'yan kasuwa, da malamai, da iyaye mata, da tsofaffin ɗalibai, ya jiyo mana abin da ya sa aka daina ba mu kuɗi. Ya ɗan yi jim, ya ce ba a taɓa yi masa irin wannan tayi ba, amma ya karɓa.

Saboda haka jama'a, idan ya yi muku sallama a kwanakin nan, ku ba shi tabarma, ku gaya masa gaskiya komai ɗacinta. Ba zai kawo mana sunan kowa ba, mun yi wannan alkawari da shi. In laifin na kwamiti ne, gara mu ji yanzu da mu sake tara ku a rana a ci shinkafa a watse. Damina na tafe, kuma yaran aji huɗu har yanzu a baranda suke karatu. Allah ya ba mu ikon gyarawa.